Waiwaye: Yadda Hidimar Mabukata Ta Jawo Wa Coci Amana

Ɗaya daga cikin rigingimun farko da aka rubuta a tarihin coci a kan rabon abinci ya taso. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 6, ya ce masu jin Helenanci a Urushalima sun yi gunaguni cewa ana tsallake matan cikinsu waɗanda mazansu suka mutu wajen rabon yau da kullum. Manzanni ba su yi kunnen uwar shegu ba. Aka zaɓi mutum 7, har da Istifanas, aka damƙa musu aikin.

Ya zuwa shekara ta 251, Bishop Korneliyas ya rubuta cewa cocin birnin Rum na ɗauke da nauyin irin waɗannan mata da sauran masu ƙaramin ƙarfi fiye da 1,500, alhali a lokacin hukuma farautar Kirista take yi. A tsakanin nan ne annoba ta barke a daular Rum. Bishop Diyonisiyas na Iskandariya ya bayyana yadda mutane ke tura majinyatansu kan titi tun da sauran numfashi, su tsere. Kiristoci kuwa suka tsaya jinya. Wanda ya cika su rufe masa ido da baki, su ɗauke shi a kafaɗa, su yi masa wanka da sutura. Da yawansu suka kamu, suka bi bayan waɗanda suka yi wa jinya.

Wani zai ce ai bishop ne ke yabon nasa. To, ga shaidar abokin gaba. A 362, Sarki Juliyan na daular Rum, wanda ya bar Kiristanci ya koma ga allolin kakanninsa, ya rubuta wa babban limamin addininsa a Galatiya yana ƙorafi: abin kunya ne a ce Galilawa, wato Kiristoci, suna ciyar da matalautansu har da namu. Ya ba da umarnin a buɗe masaukan baƙi don a yi gogayya da su. A ganina kalmar "har da namu" ita ce ta fi komai nauyi a tarihin nan. Bayan 'yan shekaru, da yunwa ta auka wa Kaisariya, wato Kayseri ta Turkiyya a yau, Bishop Basil ya gina wa marasa lafiya da baƙi da kutare matsuguni a bayan gari.

Sai dai hannun da ya ba da taimako ya sha zubar da mutuncinsa. A yunwar da ta fara a ƙasar Ayalan a 1845, wasu masu wa'azi sun riƙa ba 'ya'yan Katolika miya da sharaɗin su zauna a koya musu wata akida. Iyalin da suka karɓa, gorin "sun sha miya" ya bi su har jikoki. Mabiya ɗariƙar Kwekas kuwa, da suka ciyar ba tare da sharaɗi ba, har gobe ana tuna su da alheri a ƙasar. A Asiya ma an sami laƙabin "Kiristan shinkafa", wato wanda ya karɓi Kiristanci don ya sami abinci. Mafi ciwo shi ne na Kanada, inda aka raba yara 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 da iyayensu, aka kai su makarantun kwana da coci-coci ke gudanarwa, da sunan taimako. Sai a watan Yulin 2022 Paparoma Faransis ya je ƙasar ya nemi gafara.

A ƙarnin da aka yi rabon miyar nan ne kuma Fada Damiyan, ɗan Beljiyam, ya tare a tsibirin Molokai na Hawai a 1873, wurin da ake killace kutare. Shi ke wanke musu miki, shi ke haɗa akwatin gawa ya haƙa kabari. Ya kamu da cutar, ya rasu a can a 1889.

Darasin ya daɗe kafin ya shiga rubutu. A 2005 Paparoma Benedikt na 16 ya rubuta cewa ba a mai da aikin jinƙai tarkon sauya wa mutum addini. A watan Yunin 2011, Majalisar Coci-coci ta Duniya da fadar Vatikan da ƙawancen Ikklisiyoyin Bishara na duniya suka fitar da takarda ɗaya a Janiba, inda suka buƙaci Kiristoci su yi tir da amfani da talauci ko buƙatar mutum wajen jan sa zuwa addini, su kuma guji kwaɗaitar da shi da kuɗi ko wata kyauta.