Mdou Moctar da salon kiɗan jitarsa

Mdou Moctar, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, makaɗin jitar lantarki ne Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, kuma da harshen Tamashek yake waƙa. A Turai da Amurka ana lissafa shi cikin gwanayen kiɗan rok na wannan zamani, amma a Bauchi da Gombe, inda aka fi jin jita a majami'u da wuraren biki, 'yan ƙalilan ne suka san sunansa. Wannan rashi ne babba, domin a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin kwalliyar muryar waƙoƙin finafinan Hausa.

Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan makaɗin jita Ba'abzine Abdallah Oumbadougou. Waƙoƙinsa sun bazu a Sahel daga waya zuwa waya ta katin memori, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya nemo shi. Kundin Afrique Victime ya fito a 2021, Funeral for Justice kuma a 2024, duka a kamfanin Matador.

Bahago ne, kuma jita samfurin Fender Stratocaster yake riƙewa. Ba ya amfani da ɗan robar da galibin makaɗan rok ke kaɗa tsirkiya da shi. Babban yatsa ke riƙe amon tsirkiya mai kauri yana maimaitawa, manuniya kuma tana fizgar sirara, yadda mai gurmi ke yi. Saurin da kunne ke ji ba daga hannun kaɗawa kaɗai yake fitowa ba. Bugu ɗaya ake yi, sai yatsun da ke kan wuyan jita su doki tsirkiyar su sake ta, sau uku ko huɗu, amo ya riƙa karkarwa kamar guɗa. Yawancin zubin a kan ma'auni mai amo biyar yake, wanda kunnen Bahaushe ya saba da shi tun daga goge. Ganga kuwa takan bi takun takamba, wani kiɗan gargajiya na Abzinawa da Songhai, mai bugu shida, tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har waƙa ta kai ƙololuwa.

Mai koyon wannan salo ya fara da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ba tare da murɗe sauti ba, a kan tsirkiyoyi biyu kacal, a hankali. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙure ƙara tun farko: ƙarar tana rufe yatsan da bai danna daidai ba, mutum ya ɗauka ya iya. Na biyu shi ne barin sauran tsirkiyoyi suna kuka. Gefen tafin hannu ake ɗorawa kusa da gadar jita, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, a kashe su. Tsirkiyoyi marasa kauri, masu lamba 9 zuwa 42, sun fi sauƙin dannawa, sai dai suna saurin tsinkewa idan sun yi tsatsa, don haka a goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa.

Yanayin Bauchi da Gombe ma yana da nasa ciwon kai. Bushewar hunturu tana motsa katakon wuyan jita har tsirkiya ta riƙa gogar ƙarafunan da ke kansa. Ana gyara wannan da sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, juyin rubu'i ɗaya, sannan a jira kwana guda a duba. Ƙura tana shiga maɓallin ƙara ya yi ƙarar-ƙarar. Maganaɗisun Stratocaster guda uku, masu ɗaukar amon tsirkiya, kuma suna kwaso gurnanin janareto da na fitilu, musamman inda ba a haɗa wayar ƙasa ba. A sababbin samfura, tura makunnin zaɓen maganaɗisu zuwa matsayi na biyu ko na huɗu yana rage gurnanin sosai.