Birkin baya a tsofaffin motocin fowil (masu ja da ƙafa huɗu): dirom ko diski?

Me ya sa tsofaffin motocin shiga daji suke zuwa da dirom a baya?

Saboda ba baya ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da mota ba. Duk sanda ka taka birki nauyin motar gaba yake zubawa, tayoyin gaba su ke ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 70 na aikin, shi yasa kamfanoni suka fara sa diski a gaba suka bar dirom a baya, ga arha ga ƙarko. Land Rover Series da Land Cruiser 40 na farko-farko ma dirom ne ƙafa huɗu, ita kuwa Range Rover tun fitowarta a 1970 diski ne gaba da baya. Har yau Hilux da yawa dirom ne a bayansu.

Meye bambancin aikinsu?

Dirom kamar kwano ne da ke juyawa tare da taya, a cikinsa akwai wasu lanƙwasassun ƙarafa guda biyu da ake kira shu, in ka taka birki sai su buɗe su danne jikinsa ta ciki, kuma juyawar tana ƙara jan shu ɗin ya kama sosai. Diski faifan ƙarfe ne a fili, kalifa, wani matsi da ke rungume da bakin faifan, ita ce ke matse shi da fad (abin da ke gogar faifan) ta ɓangare biyu.

A laka da ruwa wanne ya fi?

Nan kam diski, babu gardama. Dirom a rufe yake amma ba rufewar da za ta hana ruwa shiga ba, to in laka da yashi suka shiga ba su da hanyar fita, sai su zauna a ciki suna cin shu suna kankare dirom ɗin, sifirin su yi tsatsa, abin ajosin da ke daidaita tazarar shu ya ƙame, kai kuma baka sani ba sai ranar da fedal ya tafi ƙasa. In ka tsallaka rafi kuwa zaka taka kaji kamar babu komai har sai ya bushe, shi yasa ake so da ka fito ka riƙa ɗan taka birki a hankali kana tafiya. Diski yana juyawa yana watsar da ruwan, fad ya share sauran. Haka a doguwar gangara da kaya, dirom yana riƙe zafi, in ya yi zafi ya buɗe birki ya rage kamawa, diski kuwa iska na dukansa.

To dirom ba shi da inda ya fi kenan?

Yana da shi, hambirki. Dirom yana riƙe mota a kan tudu fiye da kalifar da aka haɗa wa waya, shi yasa motoci da yawa masu diski a baya suke da ɗan ƙaramin dirom a tsakiyar faifan don hambirki kawai. Kuma shu yana daɗewa in ba laka ake shiga kullum ba.

In canza nawa zuwa diski?

Ni dai in motarka hanya da burji take bi sai jefi-jefi ka shiga daji, ka bar dirom ɗinka, ka buɗe shi ka wanke, ka yi ajosin, ka duba ko silindar da ke tura shu na yoyon mai, ka canza man birki don yana shan ruwa. Yawancin masu kukan dirom baya kamawa rabonsu da buɗe shi an daɗe. Kuma don Allah kar a hure ƙurar ciki da iska, tsofaffin shu wasu akwai asbestos a jikinsu, yana illa ga huhu.

Amma in kullum kana cikin taɓo, ko ka sa manyan tayoyi, canjin yana da amfani, sai dai ba ɗaura faifai da kalifa kawai bane. Kalifa tafi silindar dirom shan mai, masta ɗinka, wato famfon da ke tura man birki in ka taka, zai iya gazawa fedal ya yi laushi. Wasu tsofaffin masta suna da bawul mai riƙe ɗan matsi saboda dirom, in ba a cire shi ba fad zai riƙa gogar faifai yana zafi. Sai bawul mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, in baya ya riga gaba kullewa motar juyawa zata yi da kai, musamman gajeriyar mota ba kaya. Ka kuma tambayi makanike yadda zai yi da hambirki tun kafin ya kwance komai. Masu Land Rover Series sun huta da wannan, nasu hambirkin a bayan giyabos yake yana kama furofela.