Me ake nufi da AEFI a bakin malaman rigakafi?

Uwar da ta saba kai yaro allura a asibitin sha-ka-tafi a Sakkwato, wataƙila ta taɓa jin malaman asibiti suna ambaton AEFI a tsakaninsu. Gajarta suna ne daga Turanci, kuma abin da ake nufi shi ne duk wata larura da ta bayyana bayan an yi wa mutum rigakafi. A lura, "bayan" aka ce, ba "saboda" ba. Yaron da aka yi wa allurar ƙyanda ran Talata, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi ran Alhamis, shi ma za a rubuta shi, alhali sauro ne ya yi aikinsa. Ana rubutawa ne don a bincika.

Galibin abin da ake gani ƙarami ne: ɗumin jiki, kumburin wurin allura, rigimar dare ɗaya.

Sai dai wani lokaci, can ba a rasa ba, garkuwar jiki takan wuce gona da iri, kuma a ganina ɓoye wannan ba ya amfanar kowa. Wanda ya fi gaggawa shi ne anafilaksis. Kamar borin jini yake, amma mai tsanani: jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe da maƙogwaro su kumbura, numfashi ya sarƙe, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Yawanci cikin 'yan mintuna yake zuwa, kuma lissafin da aka yi a Amurka ya nuna bai wuce mutum 1 ko 2 cikin allura miliyan ɗaya ba. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya, nan take. Dalilin da ya sa ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 bayan allura ke nan. Na san zafin ranar Sakkwato, na kuma san ɗan kabu-kabu na jira a bakin ƙofa, amma zaman nan ba ɓata lokaci ba ne.

Akwai kuma ciwon Guillain-Barré, wanda likitocin Faransa suka bayyana a 1916. Garkuwa ce ke afka wa jijiyoyi, kasala ta faro daga ƙafafu tana hawa sama. A 1976 an danganta shi da wata allurar mura a Amurka, kusan mutum 1 cikin 100,000, ko da yake ya fi biyo bayan gudawa ko mura kanta. A 2021 ma an gano daskarewar jini a tsirarun mutane bayan allurar korona ta AstraZeneca, wadda ita ce ta fara isowa Najeriya a watan Maris na shekarar.

Rahoton irin waɗannan yana tashi daga hannun malamin asibiti ya kai ga hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wadda ke da manhajar waya ta kai irin wannan rahoto mai suna Med Safety. Wanda ya ga ƙafa ta mutu ko ciwon kai ya ƙi sauka kwanaki bayan allura, ya nufi asibiti da katin rigakafin a hannu, domin a kansa ake ganin wace allura ce da ranar da aka yi ta.