Kiristanci da zaman tare a Chadi

Chadi ƙasa ce da kundin tsarin mulkinta ya ce gwamnati ba ta da addini, tun daga samun 'yancin kai ranar 11 ga Agusta, 1960. Fiye da rabin jama'arta Musulmi ne, Kiristoci kuwa, Katolika da Furotesta, sun haura kashi ɗaya cikin uku. Akasarinsu suna kudu, a yankunan Mundu, Sar da Doba, sai kuma unguwannin kudancin Injamena irin su Mursal, Shaguwa da Waliya. Hausawan ƙasar, jikokin fatake da mahajjatan ƙasa da suka yada zango a hanyar Makka ba su ƙarasa ba, kusan dukkansu Musulmi ne, amma kasuwa ta haɗa su da Kirista tun kaka da kakanni. Ofisoshin gwamnati suna rufewa ranar Kirsimeti da Litinin ɗin Ista, kamar yadda suke rufewa a Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi.

Zuwan 'yan mishan

Kiristanci baƙo ne na baya-bayan nan idan aka gwada shi da Musulunci, wanda ya shiga daular Kanem tun ƙarni na 11. 'Yan mishan na Lutheran daga Amurka sun sauka a Lere a 1920, 'yan Baptis suka biyo su zuwa garin da ake kira Sar a yau a 1925. Fada-fadan Katolika sun iso kusa da Mundu a 1929. Makarantun boko sun fi karɓuwa a kudu, shi ya sa da Faransa ta tattara nata ya nata, 'yan kudu ne suka gaji kujerun ofis. Wannan rata ita ce tushen yawancin abin da daga baya aka riƙa kira rikicin addini, alhali rabon mulki ne.

Abin da mutane kan manta shi ne, wuyar da ta fi kowace tsanani da coci ya sha a Chadi, a hannun shugaba Kirista ya sha ta. François Tombalbaye, ɗan ƙabilar Sara wanda ya tashi a cocin Furotesta, ya ƙaddamar da shirin komawa al'adun gargajiya a 1973. Ya canza sunansa zuwa Ngarta, ya mayar da sunan babban birnin ƙasar daga Fort-Lamy zuwa Injamena, sannan ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati 'yan kudu shiga yondo, wato horon daji na tsafin Sarawa. Fastoci da dama suka ƙi, aka kashe wasunsu, aka rufe majami'u, aka kori 'yan mishan na Baptis. Sojoji suka hallaka shi a Afrilun 1975. Yaƙin basasar da ya ɓarke a Fabrairun 1979 kuma ya raba Injamena gida biyu, aka yi wa Musulmi mazauna kudu kisan gilla. Babbar majami'ar Katolika ta birnin ta ƙone a faɗan 1980, ba a sake buɗe ta a cikakkiyar siffarta ba sai 2023.

Rantsuwa da diyya

Zuwa coci ran Lahadi ba shi ne ke tada jijiyar wuya a Chadi ba. Gardama takan taso ne inda addini ya taɓa hukuma. Kundin tsarin mulkin Mayun 2018 ya wajabta wa ministoci da manyan ma'aikata rantsuwar addini, kuma kalmomin da aka tsara da Faransanci sun ce a rantse da sunan Allah. A wurin bikin rantsar da ministoci, a gaban shugaba Idriss Déby, minista Rosine Amane Djibergui ta ƙi rantsewa saboda imaninta, nan take aka maye gurbinta da wani. Bahaushe zai iya mamakin wannan, domin Littafi Mai Tsarki na Hausa ma Allah yake cewa, haka Kiristan da ke addu'a da Larabci. Sai dai a kunnen mai jin Faransanci, kalmar ta zama tambarin ɓangare guda. Wasu Furotesta kuma suna kafa hujja da Matiyu 5:34, inda aka hana rantsuwa ɗungurungum. An soke dokar a gyaran kundin da aka yi a ƙarshen 2020.

Diyya ta fi rantsuwa shiga gidajen talakawa. Idan direba ya buge mutum, ko makiyayi da manomi suka yi faɗa har aka rasa rai, shugabannin ƙabilu sukan zauna a yanke kuɗi ko shanu, a bi dangi gida-gida ana karɓar karo-karo. Ga ɗan kasuwa Bahaushe wannan sulhu ne da ya san shi a fikihu, yana kashe wutar ramuwar gayya. Ga manomi Kirista a kudu kuwa, al'ada ce da kakanninsa ba su sani ba, ana ɗora masa ita da ƙarfin hukuma. Bishop-bishop na Katolika sun sha yin tir da tilasta ta a kan al'ummomin da ba su yarda da ita ba.

Inda ake haɗuwa

Ranar 28 ga Nuwamba, ranar Jamhuriya, ita ce kuma ranar addu'ar zaman lafiya ta ƙasa. Shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, babban bishop na Injamena da jagoran haɗaɗɗiyar ƙungiyar majami'un bishara sukan tsaya dandali guda, kowa ya yi addu'a irin tasa. Masu suka suna cewa biki ne na manya.

Aikin da ba ya shiga talabijin yana yankin Gera, inda Kiristoci tsiraru ne ƙwarai. A can cocin Katolika na Mongo ya taimaka aka kafa rumbunan tsimi na ƙauyuka: manomi ya ari gero lokacin da damina ta faɗi rumbunsa ya ƙare, ya biya da kaka da ɗan ƙari kaɗan, maimakon ya faɗa hannun masu ba da bashi da ruwa. Yawancin masu aro da masu riƙe makullin rumbunan Musulmi ne.