Me ake nufi da "sirancewar retina" a hoton OCT na mai rashin ganin nesa?

Tun da na'urar OCT, mai ɗaukar hoton tantanin bayan ido (retina) ta auna kaurinsa, ta yawaita a asibitocin ido, maganar "sirancewar retina" ta shiga bakin kowa, har a shirye-shiryen lafiya ana faɗinta tamkar hukuncin makanta. Mutum ya ga jan launi a takardar hotonsa, hankalinsa ya tashi, wani lokaci ma a ɗora shi kan maganin hawan jinin ido, alhali ba wanda ya dubi lambar gilashinsa.

Rashin ganin nesa galibi tsawon ƙwayar ido ne ke kawo shi. Idon babban mutum, daga gaba zuwa baya, milimita 23 zuwa 24 ne. Ƙarin milimita ɗaya kan jawo kusan lamba 2.5 zuwa 3 a gilashi, kuma idan lamba ta kai −6.00 ko tsawo ya haura milimita 26, abin ya zama mai tsanani. Retina, wato tantanin bayan ido mai karɓar haske, miƙewa take yi kamar balan-balan da aka ƙara wa iska. Sai dai ba ko'ina take sirancewa ba. Tsakiyar wurin gani, mai kaurin maikuron 250 ko kusa da haka (maikuron dubu ne milimita ɗaya), kan tsaya yadda take ko ma ta ɗan ƙaru. Kewayenta ne ke raguwa, shimfiɗar jijiyoyin jini da ke ƙarƙashi kuwa ita ta fi jin jiki.

Inda ake tafka kuskure shi ne awon zaruruwan jijiyar gani. Na'urar tana zana da'ira mai faɗin milimita 3.4 kewaye da kan jijiyar, ta auna kauri a kan layin, wanda a lafiyayyen ido yakan kai maikuron 90 zuwa 100. To amma lissafinta na ido mai matsakaicin tsawo ne. A dogon ido da'irar tana faɗawa nesa da kan jijiya, inda dama can zaruruwan sun bazu, sai awon kaurin ya fito ƙasa. Ga kuma manyan damman zaruruwa biyu, na sama da na ƙasa, da kan karkata zuwa ɓangaren kunne. Na'urar ta leƙa inda ta saba samunsu, ba ta same su ba, sai ta shafa ja. Launin nan fa kwatanci ne kawai: rawaya na nufin awon yana cikin kashi 5 mafi ƙanƙanta na mutanen da aka ajiye bayanansu a na'urar, ja kuma kashi 1. Masu lamba mai tsanani 'yan kaɗan ne a cikin mutanen da aka ajiye bayanan nasu. Karanta launi a bar hoton kansa, a ganina, lalaci ne.

Wannan ba ya nufin a yi sake. Dogon ido ya fi fuskantar hawan jinin ido da yagewar retina, kuma tiyatar leza da ke raba mutum da gilashi ba ta rage tsawon. Abin yi shi ne a auna tsawon idon, a duba matsinsa da faɗin ganinsa, a maimaita hoto da na'ura ɗaya bayan wata shida ko shekara, domin kaurin da ke ci gaba da raguwa shi ne abin tsoro. Wanda kuwa ya fara ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa farat ɗaya, ko duhu yana shigowa daga gefe, ya ga likitan ido a ranar.