Neman wadda aka riga ka: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tun ranar da na taɓo zancen ƙwacen budurwa a fadarmu ta hira nan Tawa, tambayoyi iri ɗaya ke ta zuwa. Ga amsa, don Allah a bar ni haka.

Wai halitta ce ke sa mutum son na wani?

Da ƙamshin gaskiya. David Schmitt da David Buss, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, sun yi nazarinsa a 2001. Bayanin masu wannan fanni shi ne, tun kaka da kakanni mai kyau da mai hali ba sa daɗewa a kasuwa, don haka mai nema yakan tarar an riga shi. A 2004 Schmitt ya duba ƙasashe 53, ya ga ko'ina ana yi.

Ke nan ba laifina?

Laifinka ne. Yunwa ma halitta ce, ba ta halatta maka akuyar maƙwabci ba.

Matar aure fa, in ba ta jin daɗin gidanta?

A'a. Hadisin da ke cikin Abu Dawud ya fitar da mai zuga mace kan mijinta daga cikinmu. Kar a sake tambayata.

Me ya sa saurayi ke ƙara farin jini da an sa masa rana?

Kwaikwayon zaɓi. A 1992 Lee Dugatkin, masanin halayyar dabbobi, ya nuna macen wani ƙaramin kifi takan karkata ga namijin da ta ga wata a gefensa. Mu ma mai tsiren da aka yi wa cincirindo muke nufa.

Tana da saurayi, amma ba a kai komai gidansu ba. In shiga?

Nan kam sai a hankali, ƙanena. A Malikiyya, kamar yadda Risala ta kawo, hanin nema cikin nema yana kamawa ne in an riga an karkata, magana ta yi kusa. Kafin nan ƙofa ba ta rufe ba. Sahabiya Fadimatu bint Ƙais ma mutum biyu suka nema lokaci guda. Amma "ba a kai komai ba" daga bakin wa ka ji? Sau da yawa yarinya takan faɗi haka alhali kawunta ya karɓi goron gaisuwa. Tura babba ya tambayi babba. In sun ce ba su ba kowa ba, fito a fili, da rana. In abokinka ne mai zuwa zancen, wanda kuke shan shayi a buta ɗaya, ko ya halatta ni ban ba ka shawara ba. Kuma dubi makaminka. Schmitt da Buss sun ga maƙwaci yakan kushe wanda ya tarar, ya cika kyauta, ya laɓe yana jiran ranar faɗa. In kana sako mata aibinsa ta WhatsApp da tsakar dare, ka san abin da kake yi.

An ƙwace mini saurayi bayan shekara 2. Ni ce da aibu?

Ba ke ba ce, ƙanwata. Ki yi kukanki, ki ci abinci. Hotunansa ki goge, lambar wadda ta ƙwace shi kuma kar ki kira.