Bambancin saurin lokaci

Bambancin saurin lokaci shi ne saɓanin da ake samu tsakanin agogo biyu da aka saita tare, idan ɗaya yana tafiya da gudu ko yana inda ƙarfin jan ƙasa ya fi yawa. Agogunan lafiyarsu ƙalau, lokacin ne kansa ba ya tafiya bai-ɗaya. Agogon da ke gindin dutse yakan yi baya kaɗan da na ƙololuwa.

Tarihi

Albert Einstein ne ya bayyana ɓangaren gudu a 1905, ya kammala na jan ƙasa a 1915. An daɗe ba a auna tasirin jan ƙasar a doron duniya ba, sai wajen 1959 zuwa 1960 da Robert Pound da Glen Rebka suka gwada shi a wata hasumiya mai tsawon kusan mita 22 a Jami'ar Harvard.

Gwajin da ya fi ƙayatarwa shi ne na watan Oktoban 1971. Joseph Hafele da Richard Keating sun shiga jiragen fasinja da agogunan atom (agogo masu matuƙar daidaito) guda huɗu, har kujeru aka yanka wa agogunan, suka kewaya duniya sau biyu, da fari ta gabas, sannan ta yamma. Da aka kwatanta su da waɗanda aka bari a Washington, tafiyar gabas ta sa sun yi baya da kimanin nanosakan 59, ta yamma kuwa ta sa sun yi gaba da 273. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Dalilin saɓanin shi ne duniya gabas take juyawa, don haka jirgin da ya nufi gabas gudunsa ya haɗu da nata, ƙarin gudu kuwa yakan sa agogo ya yi baya. A 2010 masana a Amurka sun auna bambancin tsakanin agogo biyu da ɗaya ke sama da ɗayan da santimita 33 kacal.

Amfani

Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS kan yi gaba da kusan maikirosakan 38 kullum (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan). Ba don ana gyara wannan ba, da taswirar waya ta riƙa kuskure da wajen kilomita 10 a rana.

Tafiya cikin lokaci

Zuwa gaba tabbatacce ne, sai dai ɗan ƙanƙani: Sergei Krikalev na Rasha, wanda ya yi kwana 803 a sararin samaniya, ya tsallaka gaba da kusan kashi ɗaya cikin 50 na sakan. Komawa baya kuwa ana taƙaddama a kansa. Kurt Gödel ya nuna a 1949 cewa lissafin Einstein bai hana ba, Stephen Hawking kuma a 1992 ya ce da alama dokokin halitta sun toshe hanyar.